Amsa: Yadda jarumarki za ta binciki kisa a ƙauye

Malama, kin tambayi yadda mace, a littafin labarin da kike rubutawa, za ta binciki kisan kai a ƙauyen Ingila na wajajen 1890 alhali ba 'yar sanda ba ce. Kada ki sa mata kaki, don sai a 1915 aka fara ba mace, Edith Smith, ikon kama mai laifi a ƙasar. Ki ba ta sana'ar da ke shigar da ita gidajen mutane. A ganina ungozoma ta fi: ta san sirrin kowane gida, kuma a wancan zamanin sau da yawa ita ke wanke gawa, sai ta hango shatin yatsu a wuya kafin likita ya iso.

Ki kula da shekaru. 'Yan sandan Landan ba su buɗe sashen zanen yatsa ba sai 1901, amma gwajin Marsh mai gano gubar arsenic yana nan tun 1836.

Waɗanda ake zargi kada su wuce shida, kowa da abin da yake ɓoyewa. Ki shigo da makashin labarin cikin babi uku na farko. In kika ajiye shi sai ƙarshe, mai karatu zai ji an yaudare shi.