Tambaya da Amsa: In shiga ayarin akwalar motoci na dajin Ostireliya?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Baba. Sunana Nura, ɗan Zariya ne ni, ina aikin jinya a wani asibiti a Adelaide, kudancin Ostireliya. Bara Allah ya yi wa mahaifiyata rasuwa bayan ta daɗe tana fama da ciwon dajin mama. Wani Bature abokin aikina, wanda shi ma cutar ta ɗauke masa yayarsa, ya ce mu haɗu mu shiga tafiyar nan ta tara kuɗin taimako da ake kira Shitbox Rally, wadda ake ratsa tsakiyar ƙasar da tsofaffin motoci. Da na gaya wa kawuna a waya sai ya ce wasa da rai ne irin tseren Dakar da yake gani a talabijin. Ya ce in sadaka nake son yi wa Hajiya in turo kuɗin gida, ga marasa lafiya nan jibge babu mai taimaka musu, kuma sadakar da ake yi da fenti da hotuna riya ce. Na ji ka taɓa bin irin wannan ayari a matsayin bakanike. Ban taɓa tuƙi a burjin ƙasar nan ba, ina kuma tunanin salla da abinci. In je, ko in haƙura?

AMSA

Wa'alaikumus salam, ɗana Nura. Allah ya jiƙan Hajiya, ya sa jinyar da ta sha ta zama kaffara, ya ba ku haƙurin rashi.

Ka je. Sai dai kada ka tafi kawunka yana fushi da kai, domin a cikin maganganunsa uku akwai wadda ya fi ka gaskiya, zan zo kanta.

Ka fara cire masa tsoron Dakar. Wancan tsere ne na gaske, motocin da kamfanoni suka zuba wa dukiya, ana ƙirga daƙiƙa. Mutanen Agadas sun san shi tun yana ratsa Tenere, kafin a mayar da shi Kudancin Amurka a 2009, sannan Saudiyya a 2020. Wanda abokinka ya kira ka babu agogo a cikinsa, babu wanda ya zo na ɗaya, kuma dokar hanya tana kan kowa kamar kullum. Ka ce wa kawu ayari ne irin na fatake, da madugu da zango, ana tashi tare a sauka tare. Wani mutum mai suna James Freeman ne ya kafa shi bayan ciwon daji ya kashe mahaifiyarsa da mahaifinsa cikin wata 12, aka yi tafiyar farko a 2010, kuma kuɗin ƙungiyar Cancer Council ake ba wa don bincike. Mutum biyu ne a mota, motar kada kuɗinta ya wuce dala 1,500 ta Ostireliya, ba a yarda da wadda tayoyinta huɗu ke ja ba, kuma sai kun tara aƙalla dala 5,000 kafin a bar ku ku tashi. Mako guda ake yi, tafiyar ta kan haura kilomita 3,000, motar da ta kai ƙarshe a yi gwanjonta. Ku duba shafinsu kafin ku sayi komai, don ka'idojin su kan canza, hanyar ma kowane karo daban ce.

Al'adar ta girmi wannan ayarin. A 1985 attajirin nan Dick Smith ya ja abokansa daga Bourke zuwa Burketown suka tara dala 250,000 saboda yara marasa lafiya da masu naƙasa, daga nan ayarin taimako na Variety Bash ya samo asali. Akwai kuma Outback Car Trek da ke tara wa likitocin da ke kai ɗauki daji a jirgin sama.

Yanzu maganar kawu. Gaskiya ya faɗa: ko sisi daga abin da za ka tara ba zai sayi magani ga wata baiwar Allah da ke kwance a asibitin Shika na Zariya ba. Kuɗin a Ostireliya zai tsaya. Sakamakon bincike ya kan tsallaka teku, amma a hankali, kuma kai da ka yi jinyar Hajiya ka fi ni sanin yadda kuɗin allura da na gasa ciwon da na'ura suke karya gida. Saboda haka kada wannan tafiya ta maye gurbin abin da kake turawa. Ka ware sadakar Hajiya daban, daga albashinka, ka damƙa ta a hannun kawu ya kai inda ya ga buƙata. Kada kuma ka haɗa asusun biyu: wanda ya ba ka dala 20 don ayarin, ayarin ya ba wa, amana ce. Kuma ba nan zakkarka za ta shiga ba.

Inda na saba da shi, dala 5,000 ɗin nan ba daga aljihunka za ta fito ba, balle a ce ka karkatar da ita gida. A aljihun abokan aikinka take, da maƙwabta, da mai shagon tayar da zai biya a liƙa sunansa a ƙofar motarku. Mutanen nan ba za su ba da kuɗi haka kawai ba. Za su bayar ne saboda sun ji ma'aikatan jinya biyu za su ratsa hamada da motar da ta girmi wasu ɗalibansu. Fentin da hotunan su ne ƙoƙon barar. Batun riya kuwa, aya ta 271 a Suratul Baƙara ta yabi sadakar da aka bayyana, ta kuma ce ɓoyewa ya fi alheri. Wanda yake tara wa wasu ba shi da halin ɓoyewa, sai dai ya riƙa duba zuciyarsa, wannan kuma tsakaninka da Ubangijinka ne. Ka sani tara kuɗin ya fi tuƙin cin rai. Ku fara da wuri. A nan gudummawar da ta kai dala 2 ga ƙungiya mai rajista ana cire ta daga kuɗin shigar da ake biya wa haraji, ka riƙa tuna wa mutane. Ranar da na ga kuɗi sun shigo da gaske, wasu 'yan'uwanmu ne suka kafa tukubar tsire a wani taron ƙwallo na unguwa, layi har bakin titi.

Sai mota, inda nan ne sana'ata. Ku nemi wadda ta cika gari, wadda za a samu kayanta a kowane juji: Toyota Camry ko Corolla, Ford Falcon, ko Holden Commodore, wadda a nan Elizabeth, arewacin Adelaide, ake ƙera ta har 2017. Kada kyan jiki ya ruɗe ku. Ku duba lagireto da robobinsa, fambel, birki, shokazoba. Ku sa farantin ƙarfe a ƙarƙashin inji, domin dutse ɗaya in ya huda kaskon baƙin mai, injin ya tashi aiki kafin ka lura da jar fitila. Safaya biyu, jak mai kyau da katakon da zai zauna a kai, igiyar ja, waya, jarkar fetur, ruwa mai yawa, da oba-oba, wadda da ita motocin rukuninku za su riƙa magana.

Ayarin da na bi ya ratsa Oodnadatta Track, burji mai tsawon kilomita fiye da 600 daga Marree zuwa Marla, yana bin tsohon layin dogo na Ghan. Abin da ya fi cin mota a can gargada ce, 'yan ƙananan kunyoyi a jere da ba sa ƙarewa, su kwance noti, su tsinke salansa, har madubi ya faɗo. Ka rage iskar taya kaɗan, ka nemi gudun da motar take lafawa, kada ka wuce 80, kuma kada ka danne birki a cikin kwana. Akwai ramukan da ƙura mai laushi kamar gari ta cike, daga nesa sai ka ɗauka hanya ce lafiyayya. In motar gabanka ta tayar da ƙura, ka kunna fitila ka ja baya har sai kana ganin hanya. Duk haɗarin da na gani da idona daga ƙoƙarin wuce wani a cikin ƙura ya fito, ko daga tuƙi bayan la'asar sakaliya, lokacin da kangaru da emu (tsuntsu mai kama da jimina) da shanu suke fitowa. Gonakin kiwon can ba su da shinge a bakin hanya, Anna Creek kaɗai ta haura murabba'in kilomita 23,000. In ka hango doguwar tirelar nan mai jan bodi uku, wadda tsawonta kan kai mita 53, ka sauka gefe ka tsaya ta wuce. Ƙofar gona da ka samu a rufe ka rufe ta, wadda ka samu a buɗe ka bar ta. In ruwan sama ya sauka hukuma ta rufe hanya, a rufe take, akwai tara mai nauyi.

Doka guda da ba ta da sassauci: in mota ta mutu, ka zauna a wurinta. Mutanen da dajin nan ya ci, yawancinsu barin mota suka yi suka tafi neman taimako a ƙasa. A Oodnadatta an taɓa auna zafi 50.7 a watan Janairun 1960. Ba a tsakiyar wannan zafin ake tafiyar ba, amma ƙishirwa ba ta jiran bazara. A watan Yuni da Yuli kuma daren hamada ya kan sauka ƙasa da sifiri, sai ka tanadi bargo da hular sanyi. Waya ba ta da sabis a mafi yawan hanyar, ko da ta Telstra ce. Masu shirya ayarin suna da motocin agaji da masu jinya da wayar tauraron ɗan'adam, in kuma abu ya yi tsanani akwai likitocin jirgin sama na Royal Flying Doctor Service, waɗanda suke wannan aiki tun 1928. Kai ma'aikacin jinya ne, ka gaya wa rukuninku tun ranar farko.

Abin da ya sa na ce ka je a zango na gan shi. Wata dattijuwa da 'yarta sun iso a ƙarshen ayari, ana jan motarsu da igiya, dutse ya fasa lagireto. A bayan motar sun rubuta sunan mijinta da fenti. Kafin ta gama shan shayi, mutum biyar suna kwance a ƙarƙashin motar da fitilar goshi, wani akanta ne, wani manomi, babu wanda ya san ta kafin makon. Muka ciro lagireton wata motar da ta riga ta mutu, bai zauna daidai ba, muka ɗaure shi da wayar shinge, muka yanka roba muka haɗa. Wajen ƙarfe ɗaya na dare injin ya tashi, allurar zafi ta tsaya a tsakiya. Matar ta zauna a kan safaya tana ba mu labarin watannin ƙarshe na mijinta, manomin nan ya ce shi ma ɗansa ne, sai ga shi kowa yana da nasa. Kai baƙo ne a ƙasar nan, ka yi zaman makokin Hajiya nesa da dangi, wataƙila ma washegari ka koma aiki. A wannan ayari kusan duk wanda ka zauna kusa da shi ya san abin da ke cikin ranka.

Salla ba za ta ba ka wahala ba. Matafiyi ne kai, ga ƙasaru, ga haɗa Azahar da La'asar, Magariba da Isha'i, in ruwa ya yi ƙaranci ga ƙasa mai tsarki ko'ina. Ka lura alƙibla daga can tana yamma maso arewa ne, ka riƙe kamfas tunda waya ba za ta taimake ka ba. Ka gaya wa abokinka lokutanka tun kafin ku tashi. Ban taɓa ganin wanda ya ɓata rai don na tsaya salla ba, sai ma wanda ya tare min iska da motarsa. In hanyarku ta bi ta Marree, ka tsaya. Musulmi masu raƙuma daga Afganistan da yankunan da yanzu suke Pakistan da Indiya su ne suka riƙa kai kaya tsakiyar ƙasar tun shekarun 1860, kafin jirgin ƙasa da mota, kuma a Marree suka gina ɗaya daga cikin masallatan farko a Ostireliya. Akwai kwafinsa a garin yanzu, ginin laka da rufin ciyawa, ɗan ƙarami. Raƙuman da za ka gani suna yawo a daji jikokin nasu ne. Na yi raka'a biyu a wurin, ina so kai ma ka yi, ka sa Hajiya a addu'a.

Abinci mutanen ƙananan garuruwan da ake sauka ne suke dafawa, kuɗin kuma ya zauna a garinsu. Akwai naman alade a karin kumallo, don haka ka rubuta a takardar rajista cewa ba ka cin nama, shi ya fi sauƙi. Ka sayi naman halal a Adelaide ka yi dambu ko kilishi, ka haɗa da dabino da garin kwaki. Kada ka ce a aiko maka daga gida, ba a shigo da nama ƙasar nan. 'Ya'yan itace ɗanye ma ana karɓewa a wasu iyakokin jihohi. Da dare wasu za su sha giya, akwai kuma ranakun da ake shigar ban dariya. Ba wanda zai tilasta maka, ka zaɓi shigar da ba ta zubar da mutunci ba, ka kafa tantinka ɗan nesa da hayaniya.

Ka tabbatar lasisinka yana aiki a ƙarƙashin dokar jiharku, motar tana da rajista da inshora, ka kuma nemi hutun aiki tun yanzu. Da kun sayi motar, ku ɗauke ta wani ƙarshen mako ku nufi duwatsun Flinders, tafiyar kamar awa 5 arewa da Adelaide. Ku hau burji, ku karɓi sitiyari bi da bi, ku canza taya da hannunku a kan tsakuwa, ku kwana a tanti. Duk abin da ya kwance ko ya yi ƙara a can, ku rubuta shi ku kai wa bakanike ranar Litinin.