Wace Irin Ɗamara Ta Dace da Kare Mai Ƙarfi Kuma Matsoraci?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ina da karen gadi, ruwa biyu ne tsakanin Alsatian da karen gida, shekararsa biyu, nauyinsa kuma ya kai kilo 35. A cikin gida ba shi da matsala, amma da zarar na fita da shi sai ya riƙa fizgata kamar zai cire mini kafaɗa, idan kuma tirela ta wuce ko mai keke napep ya danna hon, sai ya turje ya ja da baya. Makon jiya ya zare kansa daga abin wuyansa a bakin titi, da ƙyar muka kamo shi. Wani ya ce in sayi ɗamarar ƙirji, wani kuma ya ce sarƙa mai shaƙe wuya ce maganinsa. Wacce zan saya?
Mai karatu daga Bukuru, Jos

AMSA: Wa alaikumus salam. Malam, matsala biyu ka kawo, kuma wadda ta fi damunka ba ita ce ta fi haɗari ba. Fizga kafaɗarka kawai take wahalarwa, amma ja da baya shi ne yake jefa kare gaban mota ko cikin jama'a, inda tsoro zai iya sa shi cizo. Batun sarƙa mai shaƙe wuya ka ajiye shi gefe: tana danne maƙogwaro, kuma karen da aka shaƙe a daidai lokacin da ya firgita zai haɗa zafin da ƙarar tirelar, tsoronsa ya ƙaru.

Ɗamarar da aka fi gani a shagunan kayan dabbobi mai maɗauri biyu ce, ɗaya a gindin wuya ɗaya a bayan hammata, da zobe guda a gadon baya. Ga kare mai natsuwa ba ta da laifi. Ga naka kuwa, zoben baya yana ba shi damar ja da dukkan ƙirjinsa kamar bijimin huɗa, sannan idan ya ja da baya ya sunkuyar da kai ya miƙe ƙafafun gaba, sai ɗamarar ta zame ta kansa kamar ana tuɓe singileti. Abin da za ka nema shi ne mai maɗauri uku, wadda na ukunta yake zagaye jiki a ƙarshen haƙarƙari, wurin da jikin kare ya fara tsukewa. Tun da wannan wuri bai kai ƙirji faɗi ba, maɗaurin ba zai iya tsallake ƙirjin ba ko da kare ya yi ta mutsu-mutsu. Ka kula kada ya sauka can kan taushin ciki.

Ka duba kuma a ce tana da zobe na biyu a tsakiyar ƙirji, domin idan igiya tana nan, duk lokacin da ya fizga sai jikinsa ya juyo wajenka, ƙarfin ya karye. Gaban ɗamarar ya kasance da siffar harafin Y, saboda mai gittawa kan kafaɗu tana takura taku. Igiya mai ƙugiya biyu, tsawon kamar mita biyu, ɗaya a ƙirji ɗaya a baya, ita ce ta fi ba da iko. Akwai kuma ragamar da ake sa wa kare a hanci irin ta doki, amma ban cika ba matsoracin kare shawararta ba, domin zabura ɗaya tana iya murɗe masa wuya.

Kada ka dogara da girman da aka rubuta a jikin leda, tun da kowane kamfani da nasa awon. Ka ari tef ɗin tela ka auna zagayen ƙirjinsa a bayan ƙafafun gaba, da gindin wuya, da ƙarshen haƙarƙari. Bayan ka ɗaura, yatsunka biyu su shiga ƙarƙashin kowane maɗauri ba tare da tafin hannu ya shiga ba. Idan ta gwanjo ce, ka ja ɗinkin zobban da ƙarfi, in ka ga zare ya fara saki ka kai wa baduku ya ƙara ɗinki.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Ka bar karen ya yi kwanaki yana sa ɗamarar a tsakar gida, kana ba shi ɗan nama duk lokacin da ya zura kai da kansa, sannan ku fara fita bayan sallar asuba ta layin da babu manyan motoci, musamman a watan Disamba da yara ke ta fasa nokawut. Idan ya turje, kada ka tsaya gabansa kana ja, domin haka ake taya shi zarewa. Ka sassauta igiyar, ka koma gefensa, ku nisanci abin da ya firgita shi. Tun da ya taɓa kuɓucewa, ka rataya masa lambar wayarka, ka kuma tabbata allurarsa ta ciwon haukan kare ta bana tana nan. Kai kam nesa ta zo maka kusa, domin Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom ba ta da nisa da Bukuru, kuma likitan dabbobi zai duba ko wani ciwo ne yake ƙara masa firgitar.