Laifin mai shan ais ne ko ciwo ne?

Malam, ka tambaya ko ƙaninka da ya kamu da ais (metamfetamin) shi ya jawo wa kansa, ku ƙyale shi kawai. Gaskiya shan farko shi ya kai hannu ya ɗauka, wannan ba musu. Amma abin nan yana sa ƙwaƙwalwa ta ambaliyar da sinadarin dofamin fiye da ƙima, in an jima abinci ma ba ya masa daɗi sai da shi, shi ya sa za ka ga mutum ya kwana 3 ido biyu, ya rame, haƙora suna ruɓewa, yana ta sosa fata wai ƙwari na yawo a ciki, yana zargin kowa.

To a ƙaramin gari kuma abin ya fi wuya, kowa ya san kowa, dilan ma ƙila tare suka yi firamare, ga kunyar zuwa asibiti kar a gan shi.

Ni dai a ganina alhakinsa yanzu shi ne ya yarda ya je wajen likitan ƙwaƙwalwa, ya rabu da abokan shan. Ku kuma ku daina ba shi kuɗi a hannu, ku daina biya masa bashi a ɓoye. Makonnin farko zai yi ta barci da baƙin rai, ku sa masa ido sosai lokacin.