Tambaya da Amsa: Kalmar "ƙarfafa"

Tambaya: Salam Malam, don Allah mene ne ainihin ma'anar "ƙarfafa"? Kullum ina jin ta a rediyo, kuma wai daidai ne in ce na ƙarfafa shi gwiwa?

Amsa: Wa'alaikis salam 'yar uwa, na ji daɗin tambayar nan sosai. Kalmar daga "ƙarfi" ta fito, kamar dai yadda zurfi ya ba mu zurfafa, zafi ya ba mu zafafa, kaifi kuma kaifafa. Ma'anarta ƙara wa abu ƙarfi, ko dai abin da hannu ke taɓawa kamar magini ya ƙarfafa ginshiƙi da rodi, ko wanda ba a gani, shi ya sa za ki ji ana cewa ƙarfafa zumunci, ƙarfafa imani, ƙarfafa tsaro, 'yan jarida ma kusan kullum sai sun ce ƙasashe biyu za su ƙarfafa dangantaka.

Amma waccan jimlar taki akwai gyara, "na ƙarfafa masa gwiwa" ake cewa, wato kin ba shi ƙwarin gwiwa kar ya karaya. In mace ce sai ki ce "na ƙarfafa mata gwiwa". Kuma don Allah kar a haɗa ƙarfafa gwiwa da tilastawa, wanda aka ƙarfafa wa gwiwa da son ransa yake yin abu, ba dole aka yi masa ba.