Amsa: aika imel ga mambobi a saba ta haɗaka ba tare da ikon admin ba

Wa alaikumus salam Malam. Ka ce ƙungiyarku ta tsofaffin ɗalibai a wajen Ringim ta kama wuri a saba ta haɗaka (shared hosting, wato kwamfutar kamfani ɗaya da ke ɗauke da shafukan mutane da yawa), kana son adireshi ɗaya da saƙo zai bi ya isa ga mutum 300, amma kamfanin ya hana ka ikon admin. Na sha wannan fama da ƙungiyarmu ta manoman riɗi a ƙasar Gumel, don haka bari in faɗa maka abin da na gani.

Kada ka wahalar da kanka roƙonsu. Saba ta haɗaka gidan haya ce, ɗakinka naka ne, amma makullin zaure yana hannun mai gida. Mailman da ka yi ƙoƙarin girkawa, wato manhajar da ke raba saƙo ɗaya ga duk mambobi, ba zai girku ba, domin sai an haɗa shi da injin imel na sabar gaba ɗaya. Amma shiga cPanel tukuna, wato shafin da kake sarrafa wurinka a sabar, ka duba sashen Email. In ka ga Mailing Lists, to Mailman ɗin ne mai gida ya riga ya girka, sunan jerin da kalmar sirri kawai za ka sa. In babu, ka tambaye su, wani lokaci rufe shi aka yi a ƙaramin tsari.

Sai dai tattaunawa kuke so, ko sanarwa? Mu sanarwa muke yi, shi ya sa na ɗauki phpList, manhajar tura sanarwa ga mutane da yawa, ta Softaculous, wato sashen girka manhajoji da ake samu a cPanel. PHP da MySQL kaɗai yake buƙata, kuma duk kana da su.

Inda na fi so ka buɗe kunne shi ne wajen aikawa. Wata kaka, ranar Alhamis bayan an tashi kasuwar Maigatari, na tura farashin riɗi ga kowa a lokaci guda. Kafin la'asar washegari an rufe mana imel, mai sayen kayanmu yana ta neman mu bai same mu ba har kwana biyu. Ashe kamfanin yana da iyakar saƙon da zai fita a awa ɗaya, ni ban tambaya ba. Ka fara tambayar wannan adadin, sannan ka saita phpList ya riƙa sakin saƙo kaɗan-kaɗan ƙasa da shi, ka ɗora aikin a kan Cron Jobs, wato sashen cPanel da ke sa saba ta yi aiki a lokutan da ka tsara. Daɗin abin, sabar ce ke aikawa da kanta. Ko sabis ya ɗauke a ƙauye ko cajin wayarka ya ƙare, aiki na tafiya.

Saƙo ya fita kuma ba shi ne ya isa ba. Tun Fabrairun 2024 Gmail ya wajabta wa duk mai aiko masa da saƙo ya kasance da SPF ko DKIM, wato saitin da ke tabbatar da cewa saƙon daga adireshinka ya fito da gaske, masu aika sama da 5,000 a rana kuma sai sun haɗa duka biyun har da wani saitin irinsu mai suna DMARC. Mutanenmu kusan duk Gmail ne a wayoyinsu, saboda haka ka buɗe Email Deliverability a cPanel ka gyara duk abin da ya nuna da matsala. In Mailman ka samu, ka kunna Munge From, wato saitin da ke sa saƙo ya fita da adireshin jerin maimakon na mai aikowa, in ba haka ba saƙon masu Yahoo zai riƙa dawowa.

Don Allah kada ka zuba adireshin kowa sai da yardarsa. Mutum in bai san ka ba, spam zai danna, kuma 'yan kaɗan sun isa su ɓata sunan adireshinku. Ni a wajen taro na bi mutane ɗaya bayan ɗaya, wasu dattawan ma na 'ya'yansu suka bayar.

In kuwa tattaunawa kuke so kuma babu Mailman, buɗe Google Groups kawai, kyauta ne, ka bar sabar da shafinku. Duba cPanel ɗin ka gaya mini abin da ka tarar, sai mu bi saitin tare in sha Allah.