Baba ya sauya magana kan wankin ƙoda, ya matsayin takardar da ya sa wa hannu?

Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya ba Baba lafiya. Kin ce bara ya sa hannu a takarda cewa idan ciwon ƙodarsa ya tsananta kada a yi masa wankin ƙoda, yanzu kuma yana kwance a asibiti nan Sakkwato ya ce yana so, amma yayanku ya kafe cewa abin da aka rubuta ya zauna.

Maganar da Baba ya faɗa yau ita za a bi. Irin wannan takarda an tanade ta ne domin ranar da majinyaci ba zai iya faɗin abin da yake so ba. Muddin yana cikin hayyacinsa, yana da ikon gyara ta ko soke ta, ko da baki kawai. Ku tuna wa yayanku cewa ko wasiyya, mai ita yana iya janye ta tun yana raye. Kotun Ƙoli ta Najeriya ma, a shari'ar Dakta Okonkwo ta 2001, ta tabbatar cewa baligi mai hankali shi ke yanke shawarar maganin da za a yi masa.

Ki sanar da nas ɗin da ke kan aiki yanzu, kada ki jira safiya. Aikinta ta tambayi Baba da kanta, da Hausa, ba a gaban taron masu dubiya ba, don dattijo kan ji nauyin ya saɓa wa babban ɗansa a idon jama'a. Sai ta rubuta kalamansa yadda ya faɗa cikin fayil, da kwanan wata da lokaci, ta kira likita. Ba hurumin ta ba ne ta lallashe shi ya karɓa ko ya ƙi.

Inda ya kamata ku kula sosai: idan ƙoda ta gaza, dattin da ke taruwa a jini yana kawo ruɗewa da yawan barci. Shi ya sa likita zai gwada ko Baba ya gane me wankin yake nufi, ya riƙe bayanin, ya auna amfani da wahalarsa, ya kuma faɗi zaɓinsa. Idan a ruɗe aka same shi, a sake tambayarsa lokacin da ya wartsake, kada a ce shi ke nan.

Daga nan a ja layi a kan tsohuwar takardar, a rubuta an soke ta. A yi sabuwa, ya sa hannu ko ya dangwala yatsa, zai fi kyau da shaidu biyu. Duk wanda ke riƙe da kwafin tsohuwar a karɓo.

Wata matsala da akan samu ita ce wajen canjin aiki: nas ta rana ta ji, ta dare ta buɗe fayil ta tarar da tsohuwar takarda. Ki roƙa a faɗi sauyin lokacin miƙa aiki, a kuma ɗora sabuwar a saman fayil.