Yarona, ka sa yatsa a wurin da hoton ya ɓaci

Wa alaikumus salam yarona, naga saƙonka tun jiya da daddare, aiki ne ya riƙe ni. Kace kai da abokanka masu sha'awar ɗaukar hoto kuna haɗuwa kowa ya nuna abinda ya ɗauko, ka nuna hoton mahayin dokin nan da ka ɗauka a hawan sallah, kusan kowa yace Masha Allah yayi kyau, sai mutum ɗaya yace hoton bai yi ba, daga nan bai ƙara ko kalma ɗaya ba, kai kuma abin ya tsaya maka a rai. Sannan akwai hoton wani abokinka na marinar Ƙofar Mata da kaga matsala a ciki amma ka rasa ta inda zaka ɓullo masa kada yaji haushi. Kana tambaya maganar wa zaka ɗauka, kuma ya ake faɗa wa mutum gyara.

Toh ni dai a wurina, da masu Masha Allah da mai cewa bai yi ba, babu wanda ya baka abinda zaka riƙe ka koma fili da shi. Masu yabon da zuciya ɗaya sukayi, Allah ya saka musu, amma gobe in ka saɓi kyamara me yabon zai canza a hannunka? Shi ma ɗayan haka. Kamar kace wa mai girki miyar bata yi ba ne, tana nan dai bata san ko gishiri ne yayi yawa ko daddawa ce bata ji ba. Gyara a wannan sana'ar shine mutum ya sa yatsa a wuri ɗaya cikin hoton yace nan ne, ga abinda ya jawo, ga yadda za'ayi nan gaba. Duk maganar da babu yatsa a cikinta kada ta hana ka barci, kada kuma ta sa kanka ya kumbura.

Na buɗe hoton naka a kwamfutar shago na ƙura masa ido sosai, bari in nuna maka abinda nake nufi. Fuskar mahayin tayi duhu, da ƙyar ake ganin idonsa tsakanin rawani da amawali. Dalili kuwa kyamara in tana auna haske ƙoƙarinta kullum ta mayar da komai tsaka-tsaki, ruwan toka, to kai ka cika hoton da farar riga da farin rawani ga dokin ma fari, sai ta ɗauka haske yayi yawa ta rage, farin ya koma kamar wanda ya sha ƙura, fuskar baƙin mutum kuma ta nutse. Maganinsa ka ƙara haske da hannunka a ma'aunin hasken kyamarar, +0.7 ko +1, kana duba kada naɗin rawanin ya ƙone ya zama fari fat babu layi, kuma a irin wannan wurin ka ɗauka a RAW, wato ɗanyen hoton da kyamara bata matse ba, saboda in an zo editin a samu abinda za'a ɗago daga inuwa. Ƙafafun dokin sun yi dishi-dishi, na duba bayanin hoton naga saurin ƙiftawar kyamara 1/125 na sakan ka sa, dokin da yake sukuwa kuwa sai wajen 1/1000 in kana so ya tsaya cak, da yamma in haske ya fara ja baya ka ɗaga ISO, wato ƙarfin jin hasken kyamara, kada kaji tsoro, ɗan tsakin da zai fito ya fi rawar hoto sauƙi nesa ba kusa ba. Ga falwaya kuma ta tsiro daidai saman rawaninsa, taku biyu zuwa hagu da ta fita. Kofaton gaba ka yanke shi a ƙasa.

Amma kuma ka kama shi daidai lokacin da ya ɗaga hannu yana jinjina, rana tana bayansa ta haska ƙurar da dokin ya tayar tayi ja. Wannan ido ne da haƙuri, kuma shine abu mai wuyar koyarwa, sauran duk lissafi ne da zaka iya cikin wata ɗaya. Kaga shi ma yabon na sa masa yatsa, yanzu ka san abinda zaka maimaita.

In ana yi maka gyara ka kama bakinka tukuna. Na san abinda yake zuwa baki, ai dogarai ne suka hana ni matsawa, ai cunkoso ne, ai rana ta kusa faɗuwa. Duk gaskiya ne, amma hoton zai shiga hannun mutanen da basu je wurin ba kuma baka tsaye a gefensu kana musu bayani, abinda ke cikinsa kawai zasu gani. Ka bari mutum ya gama, kayi godiya, sannan kayi tambaya. Shi wannan da yace bai yi ba ka neme shi ku biyu, ba da faɗa ba, kace ɗan'uwa don Allah ina ne idonka ya fara tsayawa. Wataƙila duhun fuskar nan ya gani bai san yadda zai faɗa bane, mutane da yawa idonsu ya riga bakinsu ƙwarewa. In ya nuna ka ƙaru. In ya kasa nuna komai sai kame-kame, shikenan ka bar maganar a nan, kada ka riƙe shi a zuciya. Gyara kayanka ai bai zama sauke mu raba ba.

Sai dai ba duk abinda aka nuna da yatsa bane kuskure, wani ra'ayi ne kawai, kuma dole ka koyi rabewa. Fokas, wato inda hoto ya fi fitowa tar, ya tafi kan kunne maimakon ido, wannan kuskure ne babu musu. Amma wani yace shi ya fi son mai kala kai kuma kayi baƙi da fari da gangan, wannan son ransa ne, kaji ka wuce. Inda abin yake damuna shine maganar fata. Za'a ce maka fuskar tayi duhu, to ka tsaya ka gane me ake nufi, haske ne bai isa ba irin na mahayinka, ko kuwa so ake ka mayar da baƙin mutum fari da filta? Na farko gyara ne. Na biyun ni bana yi a hoton da na ɗauka don kaina kuma bana so ka saba da shi, mutum ya fito fuska sumul babu ko ramin gashi, wuya baƙi fuska fara, uwarsa ma sai ta sake dubawa. Wannan matsalar ta daɗe a sana'ar, a shekarun 1950 kamfanin Kodak a Amurka ya fara rarraba wa masu wankin hoto wani kati mai hoton baturiya, da fatarta ake daidaita kalar injin a wancan zamanin, shi yasa aka daɗe fim ɗin kala baya yiwa baƙar fata adalci sai mai ɗauka ya san dabara. Aikinmu mu fito da fatar mutanenmu yadda Allah ya yi ta, da ƙyallinta, a bata hasken da ya ishe ta.

Yanzu maganar abokinka. Kafin ka buɗe baki da gyara ka fara tambayarsa me yake so a gani a hoton. Wannan tambayar tana hana mutum jin kunya, mai gyaran nake nufi. Akwai wani babban mai hoto na ƙasar nan, J.D. Okhai Ojeikere, ya rasu 2014, tun 1968 ya fara ɗaukar kitson matan Najeriya har ya tara wajen hoto dubu, kuma da yawansu ta ƙeya ya ɗauka, fuska bata fito ba sam. Wanda bai tambaya ba zai ce ai an manta fuska, alhali kitson ne maganar, tsayinsa da zanensa da yadda zare ya riƙe shi, yau hotunan suna rataye a manyan gidajen adana kayan fasaha na duniya. Da ma'aunin niyyar mutum ake auna hotonsa, ya kai inda ya nufa ko bai kai ba.

Hoton marinar da ka turo min, in ya ce maka hannun marinin yake so a gani, hannun nan da shuni ya rine har gwiwa yana ɗago zane daga rijiyar baba, to sai kace masa wallahi hannun nan shine hoton, ruwan da yake ɗiga daga zanen ma ya fito, amma idona yana ta gudu zuwa farar robar da ke gefen dama saboda ita tafi komai haske, da ka ɗan durƙusa ka matso da ta fita. Ka tsaya nan. Na san kaga sauran, katangar baya ta karkace, ya ja kala a manhajar editin ta Snapseed har shuɗin ya koma kamar fenti, kuma da tsakar rana ya ɗauka inuwar hula ta rufe idon dattijon. Kada ka juye masa duka rana ɗaya. Mutum yana iya ɗaukar gyara ɗaya ko biyu ya tafi yayi aiki da su, in ka jera masa bakwai abinda zai ji kawai shine ban iya ba, wani daga ranar zai ajiye abin gaba ɗaya, kuma alhakin yana wuyanka. Ka zaɓi wanda in ya gyaru hoton zai fi tashi. In ya dawo da kansa yace akwai saura, sai ka kawo maganar kala, kace ya rage ya gwada da shuɗin zanen da idonsa ya gani a wurin, ka bashi shawara ya koma da sassafe kafin rana ta take.

Ka lura da yadda na faɗa, idona yana gudu zuwa can. Ban ce baka iya tsara hoto ba. Ka yi magana akan hoton da abinda ya yi wa idonka, kada ka taɓa mutumin. In kuma gyaran mai nauyi ne ka ja shi gefe, a gaban jama'a ko gaskiya ce ɗaci take ƙarawa.

Abu ɗaya da na haramta maka, kada ka taɓa ce wa mutum matsalar hotonsa itace wayarsa ko kyamararsa. Yaro ya zo da Tecno ko Infinix ɗinsa da ya tara kuɗi ya saya kace masa sai ka sayi Canon, me ka koya masa? Tsayuwa a inda ya dace, jiran lokaci, kallon bayan mutum kafin a danna, goge gilashi da ƙyalle mai laushi musamman lokacin hunturu da ƙura take hawa komai, babu wanda sai da kuɗi a ciki. Malick Sidibé na Bamako da filas yake bin gidajen rawa da daddare yana ɗaukar samari da 'yan mata a shekarun 1960, baƙi da fari, kayan aikinsa basu kai rabin sauƙin na yanzu ba, a 2007 aka bashi babbar lambar girmamawa a bikin fasaha na Venis a Italiya. Kusancinsa da mutanen ne ya fito a hotunan.

Lokacin fim, nadi ɗaya hoto 36 ne, kuma akan buga su duka ƙanana a takarda ɗaya a duba kafin a zaɓi wanda za'a wanke babba. Wannan al'adar ina so ku dawo da ita a haɗuwarku. Kowa ya zo da wanda ya zaɓa, ya haɗo da uku na gabansa da uku na bayansa. Sau da yawa sai kaga wanda ya fi kyau yana kusa da wanda mutum ya zaɓa, shi ya maƙale wa nasa ne saboda wahalar da ya sha wajen ɗauka, ku da baku sha wahalar ba kun fi shi ganin gaskiya. Kuma ku riƙa juya hoton kai ƙasa ku kalla, da an juya ido yana daina ganin doki da mutum, sai haske da duhu da layi, nan take karkata da cunkoso suke tona kansu. In ta WhatsApp za'a tura a tura shi a matsayin dokumen, in ba haka ba yana matse hoton ya zubar da rabin kyansa, ku zo kuna zargin mutum da rashin fokas alhali ba laifinsa bane. Hasken sikirin ɗin waya ma yana ruɗi, wanda kuke ganin ya isa ku haɗa kuɗi a wanke shi a takarda ko inci 8 da 10 ne, a ajiye a tabarma kowa ya duba.

Kada kuma ka ɗauki hoton wani kayi masa editin ka dawo da shi kace ga yadda ya kamata, sai in shi ya roƙa ko ka nemi izini. Ko ka fi shi iyawa, nasa ne.

Sai maganar amana, wannan kuma umarni ne daga ni. Hotunan da muke ɗauka a bikin mutane, kamu da lalle da amarya cikin ƙawayenta, ko na matan aure da suke zuwa situdiyo, ba'a kai su wurin abokai neman gyara, ko da ka yarda da kowa a wurin, domin waya ɗaya ta isa ta fitar da hoton matar mutane duniya, kuma ba'a dawo da shi. Irin waɗannan ni kaɗai zaka nunawa a cikin shago. Wanda zaka kai musu ya zama naka na kanka, doki, kasuwa, marina, kan Dala da yamma, mutanen da ka nemi izininsu suka yarda. Ranar Asabar in Allah ya kaimu ka zo da memorin bayan la'asar, akwai masu kilisa a bayan gari, zamu tsaya ka gwada 1/500 da 1/1000 da 1/2000 akan doki ɗaya ka ga bambancin da idonka.